Yadda kanel ke rabon ƙwaƙwalwar waya

Yawancin manyan wayoyin Tecno da Itel da ke hannun 'yan kasuwar Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, Android suke amfani da shi. An gina shi a kan kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Kanel shi ne zuciyar babbar manhaja, kuma shi ke rabon RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki.

Yakan yanka RAM gunduwa-gunduwa, kowace ana kiranta shafi, galibi kilobayit 4. Kowace manhaja da rabonta, da kundin da ke nuna inda shafukanta suke, kamar iyakar gonaki: babu mai shiga ta maƙwabci.

Idan wuri ya ƙure, sai kanel ya matse shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba. In hakan bai wadatar ba, Android ya rufe manhajar da aka bari a baya. Shi ya sa mai ƙaramar waya kan leƙa WhatsApp don kwafo lambar asusu, ya dawo ya tarar manhajar banki ta koma farko. Goge hotuna ba ya maganin wannan, domin ma'ajiyarsu daban take da RAM.