Club 47: Tarihin Gidan Gahawar Ɗalibai da Haɗuwar Tsofaffin Abokansa

Club 47 gidan shan gahawa ne da sauraren waƙoƙin gargajiyar Amurka, wanda ya yi shekara 10 yana aiki, daga 1958 zuwa 1968, a unguwar Harvard Square ta birnin Kambirij, jihar Massachusetts, tsallaken kogin Charles daga Boston. Ƙaramin wuri ne, ba a sayar da giya a ciki, kuma akasarin masu zuwansa ɗaliban jami'o'in yankin ne. Sunansa ya fi ɗakinsa girma nesa ba kusa ba. Abu biyu suka jawo haka: mawaƙan da suka koyi tsayuwa gaban jama'a a cikinsa, da nacin tsofaffin abokan wurin, waɗanda suka yi ta neman juna bayan an rufe shi, suna taruwa, suna rubuta labarinsa.

Kafuwa

Mata biyu da suka gama Jami'ar Brandeis, Joyce Kalina da Paula Kelley, su suka buɗe shi a watan Janairun 1958, a gida mai lamba 47 kan titin Mount Auburn. Kiɗan jaz suka yi niyya, ba na gargajiya ba. Ba a je ko'ina ba 'yan sanda suka rufe wurin, bisa wata tsohuwar dokar gari da ta taƙaita kiɗa a inda ake sayar da abinci. Sai masu gidan suka yi dabara, suka yi masa rajista a matsayin ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Duk mai son shiga sai ya yanki katin zama ɗan ƙungiya, dala ɗaya. Katin da aka ƙirƙira don kauce wa doka shi ya sa masu zuwa suka fara ɗaukar kansu 'yan gida, ba baƙi masu biyan kuɗin ƙofa ba.

Wadda ta juya akalar gidan yarinya ce 'yar shekara 17, Joan Baez. Mahaifinta masanin kimiyya ne da ya sami aiki a jami'ar MIT a 1958, ita kuma ta shiga Jami'ar Boston, amma aji bai riƙe ta ba. Takan tsaya da jita, sau da yawa ba takalmi, tana rera tsofaffin waƙoƙin Ingila da Sikotilan masu ba da labarin soyayya da kisa da cin amana. Yawancinsu wani shehin malamin Harvard, Francis James Child, ya tattara su tun ƙarni na 19, guda 305, suna kwance a ɗakin karatu 'yan taku kaɗan daga gidan gahawar. A 1959 ta hau dandamalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, a 1960 faifanta na farko ya fito, a 1962 mujallar Time ta sa hotonta a bango. Kafin nan jaz ya riga ya tattara nasa ya bar wa masu jita ɗakin.

Shekarun tashe

A 1963 aka koma wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a titin Palmer, shi ma mai lamba 47. Ana sauka 'yan matakala, a tarar da bangon jan bulo da ƙananan tebura a cunkushe, mawaƙi na iya miƙa hannu ya taɓa na layin gaba. A Club 47 Tom Rush, ɗalibin Harvard, ya yi suna. A nan 'yan Charles River Valley Boys suke kaɗa kiɗan mutanen duwatsun kudu da goge da banjo, wadda asalinta ke komawa ga kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin molo da gurmi. Ƙungiyar Jim Kweskin kuwa kayan gida take kaɗawa. Ɗaya daga cikinsu, Fritz Richmond, yakan kife bahon wanki na ƙarfe, ya ɗaura igiya daga tsakiyarsa zuwa kan sanda, yana jan sandar yana sassautawa, amo mai kauri na fita. In ya ajiye wannan sai ya hura bakin tulu.

Mawaƙi Bob Dylan bai taɓa samun dare nasa na kansa a gidan ba. Tsakanin wasan wasu yake hawa ya yi waƙa kyauta. A Kambirij ya haɗu da Eric von Schmidt, mai zane kuma mawaƙi, har ya ambaci sunansa a faifansa na farko a 1962.

Abin da ya fi ba gidan daraja, a ganin mai wannan maƙala, ba ɗaliban ba ne, dattawan da suka gayyato ne. Mississippi John Hurt baƙar fata ne manomi da ya yi faifai a 1928, aka manta da shi har sai da masu bincike suka gano shi a 1963. Shi da Reverend Gary Davis, makaho mai wa'azi da jita, da Muddy Waters, da fararen kudu irin su Doc Watson da Bill Monroe, duk sun yi wasa a wannan ɗaki. A lokacin da wasu otal ba sa maraba da baƙar fata, a gidajen ma'aikatan wurin da yawansu suke kwana. Betsy Siggins, ƙawar Baez tun jami'a, wadda ta yi kusan kowane aiki a gidan daga wanke kofuna zuwa sama, tana cikin masu saukar su. Yaran sun koyi kiɗa a bakin masu shi. Sai dai kuɗi da suna, galibi, ga yaran suka tafi.

Rufewa

Bayan Dylan ya fito da jitar lantarki a Newport a 1965, kasuwa ta sauya. Manyan ɗakunan kiɗan rok, irin Boston Tea Party da aka buɗe a 1967, suna biyan abin da ɗaki mai cin mutum ƙasa da ɗari ba zai iya ba. Bashi ya taru, aka rufe Club 47 a watan Afrilun 1968. Shekara ta zagayo Bob Donlin da matarsa Rae Anne suka karɓi ɗakin, aka sa masa suna Passim, da nufin sayar da littattafai da katuna da gahawa. Mutane suka yi ta leƙowa suna tambayar ina kiɗa, har ma'auratan suka haƙura suka dawo da shi. Sun riƙe wurin kusan shekara 25, sababbin mawaƙa irin Suzanne Vega da Nanci Griffith suka bi ta cikinsa.

Sake haɗuwa

Tsofaffin 'yan gidan sun watse, wasu Kalifoniya, wasu Nashville, wasu sun bar kiɗa gaba ɗaya. Haɗuwarsu ta farko a takarda aka yi ta. Von Schmidt da Jim Rooney, wanda ya taɓa riƙe gidan a tsakiyar shekarun 1960, suka bi abokai ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar hira, suna tattara hotuna, suka fitar da littafin Baby, Let Me Follow You Down a 1979. Littafi ne na 'yan gida, kowa na faɗin abin da ya tuna. Daɗinsa ke nan, rauninsa ma ke nan, don aboki ba ya cika tona asirin aboki.

Tom Rush ne ya mayar da zumuncin taro. A watan Disamban 1984 ya shirya dare uku a Symphony Hall ta Boston, zauren da ke cin mutum sama da 2,000, don tunawa da Club 47, Baez da sauran tsofaffin abokai suka hau dandamali tare. Daga nan ya riƙa yawo da sunan gidan gari gari, yana haɗa tsoffin hannu da matasa a wasa ɗaya, yadda taron ba zai zama na tuna baya kawai ba.

A tsakiyar shekarun 1990 aka mayar da Passim ƙungiyar da ba ta neman riba, aka kira ta Club Passim, Betsy Siggins ta dawo ta shugabance ta bayan kusan shekara 30 da barin ɗakin. Ita ce daga baya ta kafa ma'adanar hotuna da kaset-kaset da takardun wancan zamani. Bikin cika shekara 50 a 2008 ya sake tara jama'a, Baez ta dawo ta yi wasa a zauren Sanders na Harvard. Amma sahu ya riga ya ragu. Mawaƙi Richard Fariña ya mutu a hatsarin babur tun 1966, matarsa Mimi, ƙanwar Baez, ta rasu a 2001, Fritz Richmond a 2005, von Schmidt a 2007. Waɗanda suka rage sun zauna gaban kyamara a fim ɗin For the Love of the Music da ya fito a 2012.

Club Passim na nan a ɗakin titin Palmer, da kujeru kimanin 85, kuma tana da makarantar koyar da kiɗa.