Rayuwar Mawaƙi a Fim da a Bakin Kalangu: Daga Holiwud zuwa Ƙasar Kazaure

Tsakanin ƙarshen shekarun 1930 da farkon shekarun 1950, kamfanonin Holiwud na ƙasar Amurka sun fitar da wani rukunin finafinai wanda jigonsa shi ne rayuwar masu tsara waƙa da kiɗa domin wasan dandamali, wato wasan kwaikwayon da ake yi a gaban 'yan kallo ana haɗa magana da waƙa da rawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Yankee Doodle Dandy na 1942, wanda James Cagney ya fito a matsayin George M. Cohan har ya sami lambar Oscar, kuma Cohan ɗin ya rasu a cikin shekarar da fim ɗin ya fito. Bayansa aka yi Rhapsody in Blue a 1945 a kan George Gershwin, sai Night and Day a kan Cole Porter da Till the Clouds Roll By a kan Jerome Kern, duka a 1946, sannan Words and Music a 1948 a kan Richard Rodgers da Lorenz Hart. Ginin waɗannan finafinai kusan iri ɗaya ne, domin ana nuno yaro mai baiwa yana fama da rashi ko ƙin amincewar manya, sai ya dace da wanda ya ɗaga shi, sai shahara ta zo da nata nauyin, kuma a kowace gaɓa ana saka wata sananniyar waƙarsa kamar a daidai lokacin ne ta faɗo masa. Gaskiyar tarihi ba ita ce a gaba ba, shi ya sa aka rufe abubuwa da yawa na rayuwar Porter da Hart, aka ƙaga wasu. Abin da ake sayarwa shi ne waƙoƙin, labarin kuwa zare ne da aka shirya su a jikinsa kamar tsakiya.

Ƙasashen da suka fi kusa da zuciyar mai kallo Bahaushe su ma sun bi wannan hanya. A Misira an yi fim a 1966 a kan Sayyid Darwish, mutumin Iskandariya da ya rayu daga 1892 zuwa 1923, wanda ya tsara kiɗa ga wasannin dandamali na Alƙahira, kuma karin da ya tsara ne ya zama taken ƙasar Misira daga baya. A Indiya an yi Tansen a 1943, a kan babban mawaƙin fadar Sarki Akbar, sannan Baiju Bawra a 1952, wanda Naushad ya tsara wa kiɗa, yana ba da labarin saurayin da ya ja da Tansen a gasar waƙa. Wannan na ƙarshe ya cancanci a lura da shi, saboda duniyar da yake nunawa, ta sarki da makaɗinsa da abokan hamayya masu neman ture juna a gaban ubangida, ita ce duniyar da kowane mutumin ƙasar Hausa ya sani tun yana yaro.

A gida kuwa, fim ya iso arewa maso yammacin Jigawa ta yau, inda ƙasar Kazaure take, ta ƙofofi uku, a lokuta daban-daban. Ta farko ita ce majigi, motar gwamnati mai ɗauke da injin haska hoto, wadda takan tsaya a filin ƙofar hakimi ko dagaci bayan sallar Isha'i ta nuna finafinan wayar da kai a kan noma da tsafta da kiwon lafiya. Ta biyu ita ce silimun Kano, irin su Rex da aka buɗe a 1937 da Palace da ta biyo baya, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suka cika da finafinan Indiya tun daga shekarun 1950. Kazaure tana kan titin Kano zuwa Daura, don haka fatake da direbobi da 'yan cirani sukan koma gida da labarin abin da suka gani da karin waƙar da suka ji. Ta uku, wadda ta fi ratsa karkara, ita ce kaset ɗin bidiyo. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kuma Sangaya ya barbazu a 1999 da rawa da waƙar fiyano, gidajen kallo sun bazu a garuruwa irin su Roni da Gwiwa da Babura: rumfar kwano ko zana, bencina a jere, talabijin a kan tebur, janareto yana ruri a bayan gida, da allo a bakin ƙofa wanda aka rubuta sunan fim ɗin ranar da alli.

Abin da ya kamata mai nazari ya tsaya a kansa shi ne cewa masana'antar finafinan Hausa da ta taso daga nan ta ɗauki waƙa da hannu biyu, har ya zama da wuya a ga fim ɗin soyayya babu ita, amma tarihin mawaƙi bai zama rukuni mai zaman kansa a cikinta ba kamar yadda ya zama a Amurka da Indiya. Dalili na farko yana cikin matsayin makaɗi a tsarin zaman Hausawa. Kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado wadda ake buƙata a biki da suna da naɗin sarauta, amma ana ajiye mai yin ta a ƙasan jerin masu sana'a, kuma aikinsa shi ne ya fito da asalin wani da darajar wani. A masarauta irin Kazaure, wadda Ɗan Tunku na Fulani Yarimawa ya kafa a farkon ƙarni na 19 cikin doguwar jayayya da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kuma ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824, makaɗan fada su ne ma'ajiyar sunayen sarakuna da kirarinsu da yaƙoƙinsu. Mai tambari da mai kakaki da mai algaita, da sanƙira, wato mai ɗaga murya yana bayyana wa jama'a wanda ake wasawa da kyautar da ya bayar, duk suna riƙe da tarihin gidan sarauta a ka, alhali nasu tarihin ba a ɗora wa kowa nauyin riƙe shi ba. Haka abin yake a Babura, wadda ta zauna ƙarƙashin Kano har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ta koma masarautar Ringim.

Dalili na biyu ya fi daɗin bincike, domin manyan mawaƙan Hausa ba su jira wani ya ba da labarinsu ba. Suna da bakandamiya, wato babbar waƙar da mawaƙi yake yi wa kansa, inda yake kawo asalinsa da gwanintarsa da wuraren da ya taka, ya gode wa iyayen gidansa, ya yi wa abokan hamayya zambo da habaici, 'yan amshi suna karɓa masa. Ibrahim Narambaɗa na ƙasar Isa yana da tasa, Mamman Shata ma yana da tasa, kuma Shata yakan ƙara mata sabbin ɗiya gwargwadon abin da rayuwa ta kawo, ta yadda ba a cika samun rerawa biyu da suka zo daidai ba. Wannan ita ce takwarar finafinan Holiwud a ƙasar Hausa, sai dai ta fi su gaskiya ta wata fuska, tun da mai rayuwar ne da kansa yake zaɓen abin da za a ji, da muryarsa, a gaban mutanen da suka san shi kuma za su iya ƙaryata shi.

Rayuwar Shata kuwa tana ɗauke da duk abin da marubutan Holiwud suke wahalar ƙagawa. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, a gidan da ba na makaɗa ba, mahaifinsa bai so ya shiga waƙa ba, ya yi tallan goro da alewa kafin kalangu ya ɗauke shi, ya yi wa sarakuna da 'yan kasuwa da direbobi da manoma waƙa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a Kano a watan Yuni na 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, garin da yake gaba kaɗan da Kazaure a kan titi ɗaya. An adana wannan rayuwa a littafi, musamman Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da dama, irin su Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, shi ya kai muryoyinsu har bukkokin gona na Gwiwa da kasuwannin iyakar Nijar da ke arewa da Babura, daga baya kaset ya karɓe shi, yanzu kuma katin waya.

Waɗannan su ne waɗanda suka dace da rediyo da marubuta. Makaɗan noma da suka yi wa gayya kiɗa a ƙauyukan Roni, da masu kiɗan maƙera da na mahauta da 'yan dambe, da zabiyoyi da masu amada da suka raya bukukuwan cikin gida, yawancinsu sun tafi ba a ɗauki muryarsu ba, kuma wannan asara ce babba ga tarihin yankin. Abin da ya rage nasu yana bakin 'yan amshinsu da suka tsufa, da 'ya'yansu waɗanda da yawa suka bar gadon suka koma kasuwanci ko karatu, tun da fiyano da na'urar sauti suka karɓe filin biki daga hannun kalangu da gangar noma.