Kyamarar 4K a Ma'aunin Tarihin Fim ɗin Hausa

A 'yan shekarun nan, babu muhawarar da ta fi yawa tsakanin matasa masu shirya fim a Kano kamar ta kyamara: shin a yi ƙoƙari a sayi mai 4K, ko kuwa a ci gaba da lallaɓa wadda ke hannu? Ni ɗalibin tarihi ne, saboda haka zan auna al'amarin da ma'aunin da na saba da shi, wato in dubi abin da kowace kyamara ta yi wa fim ɗin Hausa a zamaninta, da kuma abin da ta bar mana bayan zamanin nata ya shuɗe.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da 4K. Hoton bidiyo tarin ƙananan ɗige-ɗige ne, kamar yadda zane yake tarin zare a hannun masaƙi. Gwargwadon yawan zaren da cikarsa, gwargwadon kyan saƙar. Hoton 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato fiye da miliyan 8 ke nan, ninki huɗu na hoton HD mai 1920 da 1080. A shekarar 2012 ne hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsayar da ma'auninsa, kuma zuwa 2014 kamfanoni irin su Sony da Panasonic sun fito da ƙananan kyamarorinsa waɗanda mutum ɗaya zai iya saye ya rataya a wuya.

Dattawanmu dai da majigi suka fara sanin fim, inda mota ke zuwa ƙofar fada a kafa farin ƙyalle da daddare. A wannan zamani aka yi Baban Larai a 1955, don jan hankalin manoma. Daga baya, a 1976, Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk waɗannan a kan zaren fim aka ɗauke su, mai tsada, mai wuyar wanki, don haka aiki ne da sai hukuma. Gidajen talabijin, tun daga na Kaduna a 1962 har zuwa CTV ta Kano a 1982, sun horar da 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da dama, amma kayan aikin na gidan ne, kuma a gidan suke kwana.

Abin da ya kwance wannan ƙulli shi ne kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976. Da kyamarar VHS ta yawaita a hannun masu ɗaukar biki da suna, sai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka ga ƙofa ta buɗe. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Idan aka yi maganar kyan hoto, wannan koma baya ne ƙwarai daga Shaihu Umar. Ƙarfin VHS bai wuce layi 240 ba, kuma tace fim a lokacin kwafa ce daga kaset zuwa kaset. Kowace kwafa sai ta ci wani abu daga jikin hoton: daga na ɗauka zuwa uwar kaset, daga uwa zuwa na kasuwar Ƙofar Wambai, daga nan kuma zuwa na masu satar fasaha. Kafin fim ya isa ƙauye, jar hula ta zube a kan fuskar mai ita, farar riga ta koma ruwan toka. Amma duk da haka mutane suka saya, musamman matan aure da ba sa zuwa silima, domin fim ya same su har ɗaka, kuma da harshensu. Ban taɓa jin wanda ya yabi Sangaya na 1999 don tsabtar hotonsa ba. Labarinsa da waƙarsa ake tunawa.

A farkon shekarun 2000 kyamarorin DV, waɗanda aka fara yi a 1995, suka karɓe aikin, tace fim kuma ta koma kan kwamfuta. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, domin kwafa ta daina cin hoto. Sai dai a nan akwai abin lura da ya shafi muhawararmu ta yau. Kyamarar DV tana ɗaukar ɗigo 720 da 576, amma faifan VCD da ake kai wa kasuwa 352 da 288 kawai yake riƙewa. Ma'ana, furodusa ya biya kuɗin hoto cikakke, mai kallo kuwa kashi ɗaya cikin huɗu yake samu. Kayan sun fi ƙofar girma.

Har yanzu kuwa ƙofar ba ta faɗaɗa yadda ake zato ba. Kasuwar faifai ta durƙushe, fim ya koma tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda fina-finai masu dogon zango kamar Izzar So da Labarina suka samu karɓuwa tun daga 2020. Yawancin masu kallon nan a waya suke kallo, kuma mai tattalin data shi da kansa yake rage ƙarfin hoton don kada katinsa ya ƙare a tsakiyar shiri. A fuskar waya mai faɗin tafin hannu, da wuya ido ya bambance 4K da HD.

Sannan ga ɗawainiya. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa guda, alhali kaset ɗin DV na awa guda bai wuce gigabait 13 ba. Ke nan sai an ƙara katunan memori, an ƙara rumbun ajiya, an sauya kwamfutar tacewa, ita kuma tana son wutar da a garuruwanmu sai an haɗa da janareta ko sola. Bugu da ƙari, 4K ba ta da sutura. Hodar da aka laɓta, da gemun da aka liƙa wa yaro don ya fito a dattijo, da bangon da aka yi wa fenti jiya, duk sai ta tona. Ba ta kuma gyara hasken da ba a tsara ba, balle sauti, wanda a ganina shi ne tsohon ciwon fim ɗinmu. Furodusan da kuɗinsa ba su kai ba, gara ya fara da fitilu da makirufo mai kyau.

To, ina amfaninta? Ga mai tacewa, yana iya yanko fuskar ɗan wasa daga cikin hoto mai faɗi ba tare da ya dusashe ba, kamar dai an yi ɗaukar da kyamara biyu. Ga mai nufin babban allon silima, ko kamfanoni irin su Netflix da ke gindaya sharaɗin 4K a kan fina-finan da suka ɗauki nauyi, ba shi da wani zaɓi. Amma babban amfaninta, a wurina, yana ga masu zuwa bayanmu.

A dubi Shaihu Umar. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Aka gyara shi tare da wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Hakan ya yiwu ne saboda zaren milimita 35 ya riƙe hoto fiye da abin da allon zamaninsa ke bukata. Fina-finan VHS na shekarun 1990 ba su da wannan gata. Ko an sami uwar kaset ɗin lafiya, ba ta yi funfuna ba, abin da kyamara ba ta ɗauka ba babu mai dawo da shi. Na'urar kunna su ma, kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina tun 2016.

Saboda haka, idan Hawan Sallah za a ɗauka, wanda UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, ni ina bayan 4K ba tare da jinkiri ba. Wanda zai yi nazari nan da shekara 50 yana bukatar ya tsayar da hoton ya ƙirga askar da ke ƙirjin riga, ya ga yadda aka naɗa rawani, ya bambance ɗinkin lifidi da na jalala. Haka abin yake ga hannun marini a Ƙofar Mata, da na maɗinkin hula, da shafin ajami da tawadarsa ta fara kodewa. Waɗannan abubuwa ne da a tsofaffin kaset-kaset ɗinmu inuwarsu kawai muke gani.

Sai dai wani hanzari. Kaset, duk lalacewarsa, ana rubuta masa suna a jera shi a kanta, ya shekara 20 yana jira. Katin memori kuwa gogewa ake yi a sake ɗauka a kansa washegari, kuma saboda nauyin 4K, da yawa daga masu ɗaukar hoto sukan share ainihin abin da suka ɗauko da zarar sun fitar da ƙaramin kwafin da za a ɗora a intanet. Rumbun kwamfuta kuma yakan mutu dare ɗaya, ba sallama. Don haka duk makaranta ko masarauta ko hukumar da ta ɗauki hayar mai kyamara, ya dace ta sa a cikin yarjejeniya cewa za a miƙa mata ainihin ɗaukar, a rumbu biyu da za a ajiye a wurare daban-daban, a rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda ke ciki, a kuma riƙa juye su zuwa sabon rumbu bayan 'yan shekaru.