Yadda Kuɗin Cefane Ya Kayar Da Manya

 Na san da yawanmu idan aka zo labarun duniya a rediyo, aka fara cewa wai Amurka ta ƙara wa kayan ƙasar Sin haraji, ita ma Sin ta rama, sai mu murɗa tasha mu nemi inda ake waƙa ko wasan kwaikwayo, muna cewa wannan ai zancen maza ne, ina ruwan biri da gada. To 'yar'uwa, yau so nake in nuna miki da ruwanki har da tsaki, domin harajin da manya ke sawa a can sama, a tukunyar mace yake sauka. Kuma an taɓa yin lokacin da matan aure, waɗanda ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa, suka yi sanadin faɗuwar manyan 'yan siyasa a kan wannan haraji.

Bari mu fara sanin abin kansa. Harajin kwastan, wanda wasu ke kira kuɗin fito, shi ne kuɗin da gwamnati ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga wata ƙasa. Ɗan kasuwar da ya shigo da kayan shi ke biya a tashar jirgin ruwa ko a kan iyaka. Shi kuwa ba zai yarda ya yi asara ba, sai ya ɗora wa babban dila, dila ya ɗora wa mai kanti, mai kanti ya ɗora wa mai tebur, mai tebur ya ɗora miki. Ke kuwa ba ki da wanda za ki ɗora wa, sai dai ki rage nama a miya. Hujjar gwamnatoci kullum ita ce, idan kayan waje suka yi tsada mutane za su koma sayen na gida, masana'antu su buɗe, matasa su sami aiki. Wani lokaci hakan yana faruwa, wani lokaci kuma a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

A shekarar 1890 akwai wani ɗan majalisar wakilai a Amurka mai suna William McKinley, ɗan jam'iyyar Rifablikan daga jihar Ohayo. Shi ya jagoranci wata doka da ta fara aiki a watan Oktoba na wannan shekarar, wadda ta ɗaga harajin kayan waje daga kamar kashi 38 cikin 100 zuwa kusan kashi 50. Cikin kayan da abin ya shafa akwai yadin ulu, akwai kuma ƙarfen gwangwani, wato ƙarfen nan marar kauri mai rufin kuza wanda ake yin kofuna da kwanuka da bokitai da gwangwanayen abinci da shi. A lokacin kusan duk daga Birtaniya Amurka ke sayo wannan ƙarfe, daga yankin Wales. Aka ninka harajinsa har da ɗori. Ƙarin na ƙarfen ma ba zai fara aiki ba sai watan Yuli na 1891, amma kin san halin kasuwa, da jin labari sai masu kantuna suka fara ƙara kuɗin kaya. Mace ta je sayen abin da ta saba saye, yaron kanti ya ce mata ai yanzu ya tashi, dokar McKinley ce ta jawo.

'Yan adawa, wato jam'iyyar Dimokurat, suka ga faɗuwa ta zo daidai da zama, domin saura wata ɗaya a yi zaɓe. A mazaɓar McKinley har samari suka ɗauka suka yi shigar 'yan koli, suna bi gida gida suna tallar kwanuka. Kwanon da aka sani na sent 25 ne sai su ce wa matar gida sent 50, in ta yi salati ta tambayi dalili, su ce McKinley ne. Ba ciniki ya kawo su ba, so suke kawai ranta ya ɓaci. Ai kuwa ya ɓaci, mai gida ya dawo da yamma ya tarar da zance.

Da aka yi zaɓe a watan Nuwamba, jam'iyyar Rifablikan ta rasa kusan rabin kujerunta a majalisar wakilai, a cikin kujeru 332 ba ta tsira da 90 ba. McKinley da kansa ya faɗi, da ratar ƙuri'a kamar 300. Shugaban majalisar na lokacin, Thomas Reed, wanda shi ma ɗan jam'iyyar ne, da yake bayanin wannan kaye sai ya ɗora abin a kan mata. Ya ce su ne ke zuwa kasuwa, su ne ke riƙe da farashin komai a ka, su suka ji abin da yaran kanti ke faɗa, suka koma gida suka gaya wa mazansu da iyayensu. Ki lura fa, matan Amurka ba su sami ikon yin zaɓe a duk faɗin ƙasar ba sai a 1920, shekara 30 bayan wannan. Ashe mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo.

Don kada in yi rashin adalci, dokar ta yi wani abin da aka so. Kafin shekara goma Amurka ta koma yin yawancin ƙarfen gwangwaninta da kanta. Amma a can Wales ma'aikata da yawa suka rasa aiki, wasu suka tattara iyalansu suka yi ƙaura. Kin ga wata matar ta yi dariya a nan, wata ta yi kuka a can. McKinley kuwa ya farfaɗo, har ya zama shugaban ƙasa a 1897. Abin mamaki, a jawabinsa na ƙarshe a birnin Buffalo a watan Satumba na 1901, kwana ɗaya kafin a harbe shi, ya yi kira da a riƙa yin yarjejeniyar sassauta wa juna haraji, ya nuna cewa yaƙin ciniki ba shi da riba.

Da an ji wannan magana da an huta, amma ɗan Adam akwai mantuwa. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe, tattalin arziki ya fara tangaɗi. Sai wasu 'yan majalisa biyu, Reed Smoot da Willis Hawley, suka ja gaba aka yi dokar ƙara haraji a kan kaya fiye da 20,000. Masana tattalin arziki 1,028 suka sa hannu a takarda suna roƙon Shugaba Herbert Hoover kada ya amince. Henry Ford mai kamfanin mota shi ma ya roƙe shi. Ƙasashe da dama suka aiko da takardun koke. Hoover ya toshe kunne, ya sa hannu ranar 17 ga watan Yuni na 1930.

To, ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ki ji labarin ƙwai kawai ya ishe ki misali. Amurka ta ƙara harajin dozin ɗin ƙwai daga sent 8 zuwa sent 10, wai don ta kare masu kiwon kajinta daga ƙwan waje, alhali ƙwan da ke shigowa daga Kanada tun farko ɗan kaɗan ne. Kanada ta ce haka ne? Ita ma ta ɗaga nata daga sent 3 zuwa sent 10. A 1929 manoman Amurka sun sayar wa Kanada ƙwai kusan dozin 920,000. A 1932 abin da suka sayar bai kai dozin 14,000 ba. Wanda aka ce za a kare, shi aka karya.

Jama'ar gari ma ba su zauna suna kallo ba. A Suwizalan, inda gidaje da yawa ke cin abinci da sana'ar haɗa agogo, da suka ga an ƙara wa agogonsu haraji sai aka tashi da gangamin ƙaurace wa kayan Amurka. A Italiya gwamnati ta lafta wa motocin Amurka haraji, mutanen gari kuma suka riƙa tsangwamar masu hawa irin waɗannan motoci. Sifen ta ƙara nata harajin a watan Yuli. A Kanada aka yi zaɓe a wannan watan, mutane cikin fushi suka zaɓi Richard Bennett, ya hau ya ƙara tsananta harajin. Tsakanin 1929 da 1934 darajar cinikin da ƙasashen duniya ke yi da juna ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Harajin ba shi kaɗai ya jawo wannan ba, akwai rushewar bankuna da rikicin kuɗi, amma ya ƙara wa wutar fetur. A 1933 cikin kowane ma'aikata huɗu a Amurka ɗaya ba shi da aiki. A zaɓen 1932 Hoover ya faɗi, Smoot ya faɗi, Hawley kuwa tun a zaɓen fidda gwani jam'iyyarsa ta ajiye shi. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Kada ki ce wannan duk can ne a ƙasashen Turawa, domin guguwar ta iso har ƙasar nan. Ingila, wadda ta shafe shekaru masu yawa ƙofarta a buɗe ga kayan kowa, ita ma a 1932 ta koma sa haraji, tana fifita kayan ƙasashen da ke cikin daularta. A daidai lokacin Japan ta ƙware wajen saƙa yadi mai sauƙin kuɗi, har a 1933 ta wuce Ingila wajen sayar da yadin auduga a duniya. Masu masaƙun Lankasha suka tayar da hankali. A 1934 sai gwamnatin Ingila ta ƙayyade yawan yadin Japan da za a riƙa shigowa da shi ƙasashen da take mulka, har da Nijeriya. Ki duba, kuɗin gyaɗa ya faɗi a waɗannan shekaru, hannun manomi ba kuɗi, ga kuma yadin da talaka ke iya saye an tare masa hanya. Kakanninmu mata da ke haɗa wa 'ya'yansu kayan aure a lokacin, wa ya gaya musu faɗan Ingila da Japan ne ya shiga cikin lissafinsu? Sun dai ga abu ya yi wuya, suka yi haƙuri.

Wahalar da aka sha ce ta sa a 1947 ƙasashe 23 suka taru a birnin Janiba suka ƙulla yarjejeniyar rage wa juna haraji, wadda daga baya, a 1995, ta haifar da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Aka yi shekaru da dama haraji yana ta raguwa. Sai ga shi a watan Janairu na 2018 Shugaba Donald Trump ya sa haraji a kan injin wanki da ake shigowa da shi Amurka. Kuɗin injin ya tashi da kamar kashi 12 cikin 100, har da injin busar da kaya wanda ba a sa masa haraji ba, saboda tare ake sayensu. A wannan shekarar faɗa ya kaure tsakanin Amurka da Sin, Sin ta sa harajin kashi 25 a kan waken suya na Amurka, har sai da gwamnati ta raba wa manomanta tallafin fiye da dala biliyan 20. A watan Afrilu na 2025 harajin Amurka a kan kayan Sin ya kai kashi 145, na Sin a kan kayan Amurka ya kai kashi 125, kafin su zauna a watan Mayu su sassauta.

Kanada ma ba ta tsira ba a 2025, kuma jama'arta sun yi irin abin da kakanninsu suka yi. A filayen wasa aka riƙa yi wa taken Amurka ihu. A kantuna masu cefane suka riƙa juya kwali suna karanta inda aka yi kaya, in na Amurka ne su mayar su ɗauki na gida. Mutane da yawa suka fasa zuwa hutu Amurka. A zaɓen watan Afrilu jam'iyyar Mark Carney, wadda a farkon shekarar kowa ya ɗauka ta faɗi, ita ta yi nasara. Shi kuwa Trump, McKinley ne gwaninsa, har ya mayar da sunansa a kan dutse mafi tsawo a ƙasar a watan Janairu na 2025.

Ni dai abin da na tsinta a wannan tarihi, 'yar'uwa, shi ne mace ce ke fara jin zafin haraji tun kafin masana su gama lissafinsu, kuma maganarta tana da nauyi idan ta san abin da take faɗa. Gidaje nawa aka yi cacar baki a kan kuɗin cefane, ita tana ganin rowa ya koya, shi yana ganin almubazzaranci ta fara, alhali abin daga nesa ya taso? Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta kuɗin shinkafa da mai da sabulu da atamfa duk wata, ranar da zance ya tashi sai ku zauna ku duba tare. In mai kanti ya ce kaya sun tashi, ki tambaye shi dalili, ki kuma tambayi na kusa da shi, domin kin ji yadda 'yan kolin ƙarya suka yi wasa da hankalin matan Ohayo. In 'yan siyasa suka zo da alkawarin rufe iyaka ko buɗe ta, ki tambaya wa zai ci riba, wa kuma zai biya kafin ribar ta zo. Idan kuma aka zo labarun duniya, don Allah ki bar tashar a inda take, ki saurara har ƙarshe.