Kundin Adireshin Intanet da 'Yancin Ƙasa: Nazarin Tsarin Rasha na 2019

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yunƙurin Rasha na kafa tsarin sunayen intanet na ƙasa, ta auna shi da abin da ya auku a 2022. Hujjarta ita ce ƙorafin da ƙasashe ke yi game da rinjayen Amurka yana da tushe, amma maganin da Rasha ta zaɓa ya fi ƙarfafa ikon gwamnati a kan 'yan ƙasa fiye da kare ƙasar daga barazanar waje.

Gabatarwa

Duk wanda ya rubuta sunan shafi a wayarsa, na'urar sai ta nemi lambar adireshin da ke bayan sunan, kuma tsarin da ke wannan aiki shi ne DNS. A ƙololuwarsa akwai kundin tushe guda ɗaya, wanda ke nuna wa ke riƙe da .ng, wa ke riƙe da .ru ko .com. Hukumar ICANN, da aka kafa a jihar Kalifoniya a 1998, ita ke kula da kundin, sabobin tushe 13 kuma suna raba shi ga duniya. Hukumomi 12 ke tafiyar da su, 9 daga ciki na Amurka ne, har da NASA da sassan rundunar sojan ƙasar. Sauran ukun su ne Netnod a Suwidin, RIPE NCC a Holan da WIDE a Japan. Har zuwa 1 ga Oktoba 2016 Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ce ke amincewa da sauye-sauyen kundin. Ƙasar da ta kalli wannan ta ji ba ta da kwanciyar hankali ba ta yi laifi ba, musamman bayan fallasar Edward Snowden ta 2013.

Dokar 2019 da gwajin 2022

A watan Mayu 2019 Shugaba Putin ya sa hannu a dokar da aka fi sani da dokar intanet mai cin gashin kanta, ta fara aiki a 1 ga Nuwamba na shekarar. Abu biyu ta ƙunsa. Na farko, tsarin DNS na ƙasa wanda aka wajabta wa kamfanonin sadarwa haɗuwa da shi daga Janairu 2021. Na biyu, na'urorin tace bayanai da ake dasawa a cikin layukan kamfanonin, linzaminsu kuma yana hannun Roskomnadzor, hukumar gwamnati mai sa ido kan sadarwa. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron kada wata rana a yanke Rasha daga intanet ta hanyar kundin tushe.

Tarihi ya ba mu damar gwada wannan tsoro a yanayi mafi tsanani. A 28 ga Fabrairu 2022, kwanaki kaɗan da fara yaƙin Rasha da Yukren, ministan Yukren Mykhailo Fedorov ya nemi ICANN ta soke .ru da .su, ta kuma kashe sabobin tushe da ke Rasha. A 2 ga Maris shugaban ICANN na lokacin, Göran Marby, ya ƙi, bisa dalilin cewa aikin hukumar haɗa intanet ne, ba hukunta ƙasashe ba. RIPE NCC ma ta ƙi karɓe lambobin adireshin Rasha. Wato a lokacin da ƙasashen Yamma ke ƙaƙaba takunkumi a bankuna da jiragen sama, kundin bai motsa ba. Ɗaya ɓangaren dokar kuwa tun kafin nan ya fara aiki: a Maris 2021 an yi amfani da na'urorin wajen rage saurin Twitter, a Maris 2022 aka toshe Facebook da Instagram. Garkuwar da aka ce an ƙera domin maƙiyi, mutanen gida aka fara bugu da ita.

Amsa ga masu ja

Mai ja zai ce ƙin da ICANN ta yi sau ɗaya ba lamuni ba ne, tunda hukumar tana ƙarƙashin dokar Amurka. Wannan magana tana da nauyi, kuma akwai misalai. Wasu masu ƙara a Amurka sun nemi kotu ta mallaka musu .ir na Iran a matsayin diyya, sai a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta ƙi. A Yuni 2021 kuma gwamnatin Amurka ta ƙwace shafuka sama da 30 masu alaƙa da Iran, har da presstv.com. Sai dai a lura da inda aka yi ƙwacen. Ba a taɓa kundin tushe ba. An bi ta kamfanonin Amurka da ke riƙe da sunaye irin .com, tashar da ke da presstv.com kuma ta ci gaba da aiki a ƙarƙashin .ir. Darasin da ke nan shi ne ƙasa ta riƙe sunanta na ƙasa da kyau, ta ajiye muhimman shafukanta a ciki. Bai nuna buƙatar sabon tushe ba.

Idan kuma damuwar ita ce katsewar hanya zuwa sabobin tushe, maganinta yana nan a cikin tsarin da ake da shi. Sabobin 13 suna da kwafi sama da 1,000 a faɗin duniya, kuma ƙa'idar RFC 8806 ta 2020 ta bayyana yadda kowane kamfani zai ajiye kwafin kundin a na'urarsa. Tun 2010 kundin yana ɗauke da sa hannun DNSSEC, saboda haka ana iya tabbatar da cewa kwafin bai sauya ba. Bambancin da ya kamata masu tsara manufofi su riƙe shi ne tsakanin kwafin da ke faɗin abin da asali ya faɗa, da kundin da gwamnati ke iya gyarawa. Tun a 2000 takardar RFC 2826 ta yi gargaɗin cewa idan tushe ya rabu, suna ɗaya zai kai mutum biyu wurare daban. Shawarar New IP da Huawei da hukumomin Sin suka kai hukumar sadarwa ta duniya ITU a 2019 ta gamu da irin wannan suka, ba ta kuma samu karɓuwa ba.

Ga Afirka, raunin da ya bayyana a zahiri ma a wani wuri yake. AFRINIC, wadda ke raba lambobin adireshi ga nahiyar daga Moris tun 2005, ta faɗa cikin shari'u da kamfanin Cloud Innovation, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Babu wata ƙasar waje da ta taɓa kundin tushe a nan. Hukumar yanki ce ta kasa jure rikici a kotun ƙasa ɗaya. Kuɗin da wata gwamnatin Afirka za ta kashe wajen kwaikwayon Rasha zai fi amfani idan aka sa shi a gyaran AFRINIC, da ƙarfafa hukumomi irin NiRA mai kula da .ng, da ƙara cibiyoyin musayar bayanai irin IXPN.