Jirgin Yawon Shaƙatawa da Littattafan da Suka Tallata Shi

Masana adabi ba su cika ɗaukar littattafan da ake karantawa lokacin hutu a bakin komai ba, balle waɗanda labarinsu ke gudana a cikin jirgin ruwan yawon buɗe ido, inda ko dai a yi soyayya ko a tsinci gawa a ɗaki. Amma wanda ya bi tarihin sana'ar ɗaukar mutane yawo a teku zai tarar da cewa ita da irin wannan rubutu tare suka taso, cuɗe ni in cuɗe ka suka yi. A 1844 kamfanin P&O na Ingila ya fara sayar da tikitin zagaya tashoshin Bahar Rum don nishaɗi kawai, kuma a shekarar ya ba marubuci William Thackeray tikiti kyauta. Littafin da ya rubuta kan tafiyar ya fito a 1846. A Amurka kuwa, Mark Twain ya shiga jirgin Quaker City a 1867 zuwa Turai da Falasɗinu, ya fitar da The Innocents Abroad a 1869, littafin da ya fi duk sauran nasa kasuwa yana raye.

Ba haka kawai marubuta suka ƙwallafa rai a kan jirgi ba. Jirgi gari ne da ba shi da ƙofar fita: attajiri da ɗan damfara da amarya da tsohuwar budurwar ango duk a teburi ɗaya suke cin abinci, kuma ba mai iya zamewa sai an kai tasha. Wannan ya rage wa mai ƙaga labari rabin wahala. Agatha Christie ta gane haka sarai a Death on the Nile na 1937, inda ta tara mutanenta a jirgin Karnak a kan kogin Nilu, irin jiragen da kamfanin Thomas Cook ya daɗe yana kai Turawa kallon kufan Fir'aunoni da su. Tun da mai kisan yana cikin jirgin, mai karatu na iya ƙirga waɗanda ake zargi da yatsunsa. Ko ƙaramin jirgin shaƙatawa ya yi nasa aikin: a The Riddle of the Sands na Erskine Childers, 1903, samari biyu 'yan Ingila ne suka gano shirin mamaya a gaɓar Jamus.

Da jiragen sama masu injin jet suka fara ƙetare tekun Atalantika da fasinja a 1958, manyan jiragen ruwa suka rasa abin yi, sai suka koma sayar da hutu. A nan ma littafi ne ya kawo ɗauki. Jeraldine Saunders, wadda ta yi aikin shirya nishaɗin fasinjoji, ta wallafa The Love Boats a 1974, daga shi aka samo shirin talabijin The Love Boat da aka yi ta nunawa daga 1977 zuwa 1986, kamfanin Princess Cruises kuwa ya sha romonsa.

Za a ce ai wannan talla ce aka yi wa rigar adabi. Zargin tsoho ne, domin Thomas Carlyle ma ya soki Thackeray kan karɓar tikitin nan. Sai dai Twain ba'a ya yi wa abokan tafiyarsa, Christie kuwa kashe fasinjojinta ta yi, kuma ba mai tallan da zai zaɓi gawa. Abin da suka sayar shi ne sha'awar zama cikin baƙi, kamfanoni suka tsinci dami a kala. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta waɗanda ba a gani a labaran: masu zuba kwal a ɗakin inji, matuƙa 'yan Indiya da suka riƙe jiragen P&O, da 'yan Filifin da Indunusiya da ke gyara ɗakuna a yau. Wannan suka gaskiya ce, ba ta da amsa. Amma ita ma shaida ce ga mai nazarin tarihi, domin tana nuna wanda aka rubuta littattafan dominsa: mai tikiti, ko wanda yake gida yana fatan samunsa.