Makafi Da Igiya

A wani littafina na baya na saka wani tsoho makaho, duk inda ya fito a labarin yana riƙe da ƙoƙon bara, har na kashe shi ban taɓa ba shi wata sana'a ba. Wata baiwar Allah da ta karanta ta tare ni a gidan biki ta ce, "Malam, kakana makaho ne, da kuɗin igiya ya aurar da iyayenmu mata." Wallahi na ji kunya. Shi ya sa na koma na bi tarihin abin.

Tun kafin zuwan Turawa makafi suna da tsarinsu a manyan biranen ƙasar Hausa. A Kano akwai Sarkin Makafi, ga kuma unguwarsu ta Makafin Dala. Babbar sana'arsu ita ce tufkar igiya, ta rama ko ta kaba: igiyar guga, ta ɗaure awaki, ta dabaibayin jaki. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake koyonta. Da yawa ba da makanta aka haife su ba, agana ko amosanin ido ne ke kama su da girmansu. Mutum ya rasa gona, ya rasa kasuwa, sai 'yan uwansa makafi su karɓe shi, wani ya kama hannunsa ya ɗora kan zaren, yana murzawa shi ma yana ji, har yatsu su gane. Ba allo, ba aji, amma makaranta ce.

Haka nan waƙa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, shi ya yi Imfiraji, kuma makafi ne suka fi kowa haddace ta, wannan ya biya wa wancan, suna rera ta ƙofa-ƙofa. Mu masu ido da muke taƙama da biro, mutum nawa ne a cikinmu zai kawo baiti ashirin da ka?

Sai zamanin boko. A 1950 wani Baturen Ingila, John Wilson, wanda shi ma ya makance yana ɗan shekara 12 a ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu, ya kafa ƙungiyar taimakon makafi ta ƙasashen da Ingila ke mulka, wadda yanzu ake kira Sightsavers. A 1953 'yan mishan na SUM suka buɗe makarantar makafi a Gindiri, inda ake koyar da rubutun Braille. Ita ta yara ce. Ta manya ita ce cibiyar da aka buɗe a Ikeja a 1957, ana koya wa makafi noma da aikin hannu don su koma ƙauyukansu su riƙe kansu. Daga baya jihohi suka yi ta buɗe nasu wuraren koyon sana'a.

A nan ne nake da ja. A ganina an koya wa mutane abin hannu ba a tambayi kasuwa ba. Igiyar roba ta shigo da arha, famfo da burtsatse suka rage masu neman igiyar guga, tsofaffin suka koma warware buhun taki suna tufkawa, ribar ba ta kai ta cefane ba. Wanda ya gama horo aka sallame shi ba jari, ina kake zaton zai nufa?

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, ko masu buƙata ta musamman kamar yadda ake cewa yanzu. Doka ta yi kyau. Amma dattijon da na zauna wurinsa kwanaki, yana tufka muna hira, ya ce rabon da wani ya zo koyo wurinsa har ya manta. Na sayi igiya biyu, ko akuya ba ni da ita.